Kama da Wane Ba Ta Wane

Ni akawu ne a ofishin Hakimin garinmu. Aikin nan shi ne iyayenmu su ke kira malantar En'e, kuma ko da ya ke an rushe En'e tun shekarar 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, har yau tsofaffi ba su daina kirana malamin En'e ba. Ilimina bai taka kara ya karya ba. Na yi makarantar allo, na yi firamare, saura kuwa a bakin teburin ofis na tsince shi. Amma akwai abu guda wanda na ke jin na iya ƙwarai, watau rarrabe takardar asali da kwafinta. Kadan aka kawo mini takardar cinikin gona, sai in juya bayanta in shafa da yatsa. In na ji inda alƙalami ya danna ya ɗan tudo, na san hannu ya bi ta kanta. In kuwa na ji ta sumul, na san inji ne ya juyo ta. Na yi shekara da shekaru ina wannan, har ina yi wa kaina kirari a zuci. Ashe akwai ranar da za a ajiye kwafi a gabana in kira shi asali, har maganata ta kusa raba 'yan'uwa. Labarin nan na ke so in ba ku, ya ku 'yan'uwana da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, don kada abin da ya ci mu ya ci waninku.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a Ikko, watau Legas, shekara ashirin da 'yan kai. Sa'ad da ya ajiye aiki ya komo gida, cikin kayan da ya zo da su har da wani hoto a firam na katako, da gilashi a fuskarsa. Hoton wata budurwa ce mai dogon wuya, ta yi ɗaurin kallabi irin na Yarabawa, ta yafa mayafi a kafaɗa, ta ɗan waiwayo kamar wadda aka kira ba ta yi niyyar amsawa ba. Aka kafa ƙusa aka rataye shi a ɗakin uwargidansa, wadda mu ke kira Inna, bisa jeren kwanukanta. Muna yara mukan shiga mu tsaya muna kallo, har mun sa mata suna Bayarabiyar Inna. Ba wanda ya taɓa tambayar ko wace ce, balle wanda ya zana ta.

Cikin sanyin farkon shekarar 2018 Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai. Babbansu, wanda na ke kira Yaya, uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, Inna ce ta goye shi, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Sauran shida 'yan ɗakin amarya ne. Da aka share makoki sai dangi suka ce tun da ga akawu a gida, ni zan rubuta abin da mamaci ya bari, a ajiye har mata su fita takaba sa'an nan a kira malamai a raba. Na ja layi a littafi, na rubuta gida, da gona biyu, da shanun noma, da keke, da rigunan sawa. Da na zo kan hoton na rubuta, "Hoton bango, ɗaya, tsoho," na yi masa ƙima naira ɗari biyar, ita ma saboda firam ɗin ne. Ba wanda ya ce uffan.

Ran nan, a farkon watan Maris, muna zaune a zaure bayan la'asar, sai ga Auta ya shigo da gudu, waya a hannu, yana haki. Ya miƙa wa Yaya ya ce, "Yaya, duba nan! Wannan ba Bayarabiyar Inna ba ce?" Muka haɗa kai muka duba. Wallahi ita ce, kallabin nan, da wuyan nan, da waiwayen nan. Auta ya karanta mana labarin yana fassarawa.

Ga abin da labarin ya ƙunsa. An yi wani gwanin zane ɗan Nijeriya, sunansa Ben Enwonwu, mutumin Anaca, an haife shi a 1917, ya rasu a 1994. Sunansa ya kai har fadar Ingila, don a 1957 Sarauniya Elizabeth ta zauna masa ya ƙera siffarta da tagulla. Bayan yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970, yana koyarwa a Jami'ar Ife, sai ya ga wata 'yar gidan sarautar Ife mai suna Adetutu, ya nemi yardar iyayenta ya zana ta. Sau uku ya zana ta tsakanin 1973 da 1974, aka san zanen da sunan Tutu. Da ya ke shi Ibo ne ita kuwa Bayarabiya, ga shi ba a daɗe da ajiye bindiga ba, sai mutane suka ɗauki zanen kamar alamar sulhu. Aka yi ta buga kwafinsa ana ratayewa a gidaje ko'ina cikin ƙasar nan, amma na ainihin guda uku suka ɓace wa idon jama'a shekaru da yawa. Sai a ƙarshen 2017 aka gano ɗaya a wani ɗan gida a arewacin birnin Landan. Ran 28 ga Fabrairu 2018 wani kamfanin gwanjo, Bonhams, ya sa shi a kasuwa. An yi tsammanin zai yi fam dubu 200 zuwa dubu 300, sai ga shi an sayar da shi fam 1,205,000, abin da ya haura naira miliyan 500 a canjin wancan lokaci. Labarin ya ƙare da cewa sauran biyun ba a san inda su ke ba.

Akwai wata magana a tsakiyar labarin, Auta ya karanta ta a gabanmu, amma ba ta shiga kunnen kowa ba. An ce ma'aikacin kamfanin da ya gano zanen, Giles Peppiatt, ya daɗe mutane suna kawo masa Tutu, in ya duba sai ya tarar bugun inji ce. Mu dai abin da muka ji shi ne biyu sun ɓace, ga kuma ɗaya a ɗakin Inna.

A nan ne na yi laifina. Yaya ya kama hannuna muka yi sallama ɗakin Inna, tana zaune a tabarma da carbi. Ya ce, "Kai ne ka san takarda, duba mana." Na matsa kusa, na leƙa ta cikin gilashi, sai na ga suna a wata kusurwa daga ƙasa, an rubuta shi kamar da bakin buroshi. Na ce, "Ai ga sa hannunsa nan." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban sauko da hoton ba, ban fitar da shi daga firam ba, ban juya bayansa ba, abin da na ke yi wa takardar gonar talaka kullum safiya. Dalili kuwa, kafin mu shiga Yaya ya raɗa mini cewa in abu ya tabbata ba za a manta da ni ba, ni kuma ɗakina na yoyo tun daminar da ta wuce, har na fara lissafin bandir nawa na kwano zai rufe shi. Kafin magariba magana ta game unguwa, ana cewa malamin En'e ya duba ya tabbatar. Na koma gida na soke naira ɗari biyar ɗin nan a littafi, na bar wurin fili.

Daga ranar zaman lafiya ya ƙare a gidan Baffa. Yaya ya ce marigayi ya taɓa ce masa in ya rasu hoton nasa ne. 'Yan ɗakin amarya suka ce ya kawo shaida. Inna ta aiko daga ɗaki ta ce a bar mata abinta inda ya ke, aka ce ashe tsohuwa ma ta ji ƙamshin kuɗi. Wata rana da dare Yaya ya shiga ya sauke hoton, ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo. Da gari ya waye ƙannensa suka taru a ƙofar, har aka ɗaga taɓarya, sai da maƙwabta suka shigo. Aka raba tukunya. Mutanen da suka tashi a akushi guda suka koma in sun gamu a hanya kowa ya kau da kai.

Ana cikin haka sai ga wani baƙo da babbar riga da jaka, ya ce shi dillalin kayan tarihi ne, ya ji labari, yana da Bature a Ikko wanda zai saya. Ya dubi hoton daga nesa ya yi ta girgiza kai yana salati. Ya ce abin da ya rage kuɗin mota ne da kuɗin takardar izini. Yaya ya kama ɗaya daga cikin shanun noman da ba a raba ba, ya kai kasuwa, ya ba shi kuɗin. Mutumin ya ce sai ran Laraba. Har yau Larabar ba ta zo ba.

Da magana ta kai gaban Hakimi ya tara mu duka. Ya saurari kowa, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka taɓa ganin zanen hannu irin na fenti da idonka?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ba." Ya ce, "To, da me ka auna?" Ban sami abin cewa ba. Ya ce a ɗauki hoton a kai Zariya, don a Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen da a ke koyar da zane tun kafin a sami mulkin kai, a nemi mai sani ya duba, kowa ya gani da idonsa.

Muka naɗe hoton cikin bargo muka shiga mota mu uku, ni da Yaya da Auta, don ba wanda ya yarda wani ya tafi shi kaɗai. Yaya ya rungume shi a cinya tun daga tasha har Samaru, ko ruwa bai sauka ya sha ba. Da tambaya aka kai mu wurin wani dattijon malami, rigarsa duk ɗigon fenti. Muka gaisa, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Ya buɗe bargon ya duba, na ga ya yi ɗan murmushi, amma bai yanke mana hukunci ba. Ya ce, "In na gaya muku da baki, za ku fita ku ce tsoho ya yi muku baƙin ciki. Ku zauna, ku za ku gaya mini."

Ya ɗauko wani zane na almajirinsa, hoton mahayin doki, ya jingina shi a bango. Ya rufe taga, ya kunna tocila, ya haska shi daga gefe, hasken na bin fuskar zanen a kwance. Sai muka ga abin mamaki. Wurin da mu ke gani shafaffe ashe tudu ne da kwari, kamar kunyoyin gona in rana ta yi gora. Ya ce, "Wannan shi ne sawun buroshi. Fentin mai yana da kauri, duk inda mai zane ya ja hannu sai gashin buroshi ya bar layi, inda ya maimaita sai fenti ya hau kan fenti. Ku duba, layin yana bin wuyan dokin, yana bin naɗin rawanin, don hannun da ya yi siffar shi ya bar sawun." Sa'an nan ya kwance ƙusoshin bayan firam ɗinmu a hankali, ya fitar da hoton daga gilashi, ya haska shi kamar yadda ya yi wa na fari. Hasken ya wuce sumul kamar a bayan faranti. Yaya ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, watakila tsufa ne ya shafe shi." Malam ya ce, "Madalla, tambaya ce mai kyau. Akwai ma zanen hannu wanda ba shi da tudu ko kaɗan, kamar na fentin ruwa. Saboda haka ba mu tsaya nan ba."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan madubi mai ƙara girman abu sau goma, irin na masu gyaran agogo. Ya ɗora shi a kan dokin ya ce in duba. Na ga launi ya malala ya shiga cikin launi, ga zaren ƙyallen yana leƙowa ta ƙarƙashi, har da wani silin gashin buroshi da ya maƙale ya bushe a ciki. Ya mai da madubin kan kumatun Bayarabiyar Inna. Da na sa ido sai kumatu ya ɓace, ban ga kome ba sai ɗigo-ɗigo, dubbai, a jere sahu-sahu kamar an shuka su da igiya, waɗansu sun haɗu sun yi 'yan da'irori kamar ƙananan furanni. Na ɗago kai na sake duban hoton, ga kumatu lafiya lau. Na mai da ido, ga ɗigo.

Malam ya ce, "Injin ɗab'i ba shi da buroshi, ba ya kuma dama launi. Tawada huɗu gare shi: shuɗi mai haske, da ja irin na garura, da rawaya, da baƙi. Akan ɗauki hoton zanen na ainihi, a rarraba shi gida huɗu, kowace tawada da farantinta, inji ya buga su ɗaya bisa ɗaya da ɗigo ƙanana. Inda a ke son duhu ɗigon ya yi girma, inda a ke son haske ya ƙanƙance. Idonka ne ke haɗa su. Kamar ka baza gero da dawa da wake da riɗi a tabarma ne, ka koma bakin zaure ka hango, sai ka ga launi guda. In kun koma gida ku gwada da hoton kalanda ko na jarida, haka za ku gani." Yaya ya duba, Auta ya duba, ba wanda ya yi magana.

Ni kuwa zuciyata na kan sa hannun nan. Na ce, "Allah gafarta Malam, sunan fa?" Ya miƙo mini madubin ya ce, "Kai ne akawu, duba da kanka." Na ɗora a kan sunan. Shi ma ɗigo ne, daga harafin fari har na ƙarshe. Malam ya ce, "Mai ɗaukar hoto ba ya tsallake kusurwa. Sa'ad da aka ɗauki hoton zanen, har da sunan aka ɗauka." Kunya ta rufe ni. Na tuna muna makarantar allo, ko yaro ya san rubutun da aka yi da alƙalamin kara, don inda aka tsoma shi a tawada baƙin ya fi ƙarfi, yana tafiya yana dusashewa har a sake tsomawa, ba kamar bugun inji da ke tafiya bai ɗaya ba. Abin da na sani tun ina ɗan shekara bakwai, shi kwaɗayi ya mantar da ni ina da furfura a gemu.

Sa'an nan ya juya bayan hoton. Ya nuna mana na almajirinsa tukuna: ƙyalle ne mai kauri, an ja shi an ɗaure a kan katako huɗu, fenti ya ɗan zubo ta gefe, ga tabon yatsa, ga inda mai ya nasa ta baya. Namu kuwa takarda ce aka manna a kwali. Gefenta a miƙe ya ke tsaf kamar an yanka da reza, da farin fili kewaye, wanda bakin firam ya ɓoye shekara da shekaru. A can ƙasan filin ga waɗansu ƙananan baƙaƙe na ɗab'i. Ya sa ma'auni ya auna, bai cika ƙafa biyu ba. Ya ce wanda aka sayar a Landan tsawonsa ya ɗara ƙafa uku. Ya kuma nuna mana wani siririn layi a gefe inda firam ya rufe, rana ba ta taɓa shi ba. A nan launin yana da ja da rawaya, sauran hoton kuwa duk ya koma shuɗi-shuɗi. Ya ce haka hoton ɗab'i ya ke tsufa, haske yakan fara cin rawaya da ja, ya bar shuɗi. Mu da mu ke tsammani haka aka zana ta.

Auta ya nisa ya ce, "To, Malam, da mun ga tudun fenti, shi ke nan mun yi arziki?" Malam ya yi dariya ya ce, "Da sauran tafiya, ɗana." Ya ce yanzu akwai injin da ke fesa tawada a kan ƙyalle sosai, irin wanda masu zane ke aiki da shi. Ɗigonsa ya fi ƙanƙanta, ba ya jeruwa sahu-sahu, a warwatse ya ke kamar ƙurar barkono, amma madubi na nuna shi. Waɗansu kuma in sun buga sai su bi fuskar da wani farin mai mai kauri, su ja buroshi a kai don a ga tudu. Maganin wannan shi ne a duba ko sawun buroshin yana bin siffar, don sau da yawa za ka ga ya ratsa ta kan ido da hanci da bango bai kula ba.

Ya ce ko an tabbata hannu ne ya zana, saura a san hannun wa. A Jamus an yi wani mutum, Wolfgang Beltracchi, wanda ya yi shekaru yana zane da hannunsa yana sa sunayen gwanayen da suka mutu, manyan masana suna gaskatawa. Abin da ya tona shi, an ɗebi ɗan ƙwarzanen fenti daga wani zane da aka ce an yi shi a 1914, aka auna, aka tarar da wani irin farin fenti wanda bai shiga kasuwa ba sai bayan wannan shekara. Aka kama shi a 2010, aka ɗaure shi shekara shida a 2011.

Ya kuma ja mana kunne kada mu raina kowane bugu. Akwai gwanayen da bugun shi ne sana'arsu, kamar Bruce Onobrakpeya wanda ya yi karatu a nan Zariya. Irinsu su ke sassaƙa farantin da hannunsu, su shafa tawada, su danna takarda ɗaya ɗaya. In sun buga hamsin, sai su rubuta lamba a ƙasa da fensir, misali 12/50, watau na goma sha biyu cikin hamsin, su sa hannu a gefe. Wannan aikin mai shi ne, yana da daraja da kuɗi. Ba ɗaya ya ke da hoton da inji ya juyo dubu-dubu ba.

Daga ƙarshe ya ce, "Amma duk wannan da na nuna muku, ba da shi masu sayen zane su ke farawa ba. Tambayarsu ta fari ita ce, daga hannun wa ya fito, shi kuma daga hannun wa, har a kai ga mai zanen. Rasit, ko wasiƙa, ko tsohon hoton ɗakin da aka rataye shi, ko mutumin da aka yi ciniki a gabansa. To, ku wa ke wurin ranar da mahaifinku ya sayi wannan?" Muka dubi juna. Yaya ya buɗe baki ya rufe. Mu duka mun san wadda ta zauna da Baffa a Ikko tun daga farko har ƙarshe.

A mota muna komowa ba wanda ya rungumi hoton, a bayan kujera aka jingina shi. Mun wuce rabin hanya sai Yaya ya sayi rake ta taga, ya karya biyu, ya miƙa wa Auta guda bai dube shi ba. Auta ya karɓa.

Da muka iso muka yi sallama ɗakin Inna, muka durƙusa. Yaya ya ce, "Inna, kin san inda Baba ya sami hoton nan?" Ta ce, "Yau kuma? Ai tare muka je. Wani kantin littattafai ne kusa da bakin ruwa. An tara su a kan tebur sun fi tsayin gwiwata, duk iri ɗaya. Na tsaya ina kallo, na ce yarinyar ta yi kama da ƙanwata da ta rasu muna can ban sami zuwa jana'iza ba. Malam bai ce kome ba, ya ciro naira biyar ya biya. Firam ɗin ma ya fi hoton tsada." Auta ya ce, "Inna, don me ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Na ce ku bar mini abina, kuka ce na ji ƙamshin kuɗi." Yaya ya kifa kai a gefen gadonta, ƙato da shi, yana kuka kamar yaron da ta goya. Ni ma na nemi gafararta, na kuma nemi ta sauran, don kalmata ce ta hura wutar.

Da mata suka fita takaba aka raba gado. Saniyar da aka sayar aka lissafa ta cikin rabon Yaya, shi da kansa ya ce a yi haka. Hoton kuwa magada suka taru suka ce ba ya cikin rabo, tun da kyauta ce marigayi ya yi wa matarsa da ransa. Na buɗe littafi, wurin nan da na bari fili na rubuta, "Hoton bango, bugun inji, na Inna ne." Yaya ya mai da shi kan ƙusarsa da hannunsa.

To, 'yan'uwa, kada wani ya ji labarin nan ya ce kwafi abin banza ne. Ba don kwafi ba, da mu mutanen karkara ba mu taɓa ganin aikin Enwonwu ba, da Inna ba ta sami abin tuna ƙanwarta ba, da littafin nan ma bai iso hannunku ba. Kwafi bai yi wa kowa ƙarya ba, ga baƙaƙen maɗaba'a a jikinsa. Mu ne muka ƙi juya shi mu karanta.

Saboda haka kadan wani abu irin wannan ya faɗo hannunka, ko ka gāda, ko aka kawo maka talla, ga abin da na koya da tsada. Ka fara tambayar tsofaffin gida inda ya fito, tun ba mata ba, don su ne ke zaune da kaya. Ka haska shi da tocila daga gefe. Ka nemi madubin mai gyaran agogo ka duba fuskarsa da sa hannun. Ka duba gefe da baya. Kada ka wanke shi, kada ka kankare shi da farce, kada ka goga masa yawu don gwaji, gama in na ainihi ne ka ɓata shi. In ka ga alamar hannu, ka kai wa masu sani, ku tafi tare da duk mai haƙƙi a ciki. Dillalin da ya nemi kuɗi tun ba a yi ciniki ba, ka sallame shi, don dillalin kirki daga cikin ciniki ya ke cire la'adarsa. In kuwa kai ne aka kira ka yi shaida saboda an ce ka yi karatu, ka ji tsoron bakinka, ka faɗi iyakar abin da ka auna.

Yanzu akwai ɗan madubin nan guda a aljihun teburina na ofis, na saya a Zariya ranar da muka je. Ɗakina kuwa sai bayan damina biyu na rufe shi, da kuɗin albashi. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kanmu ne, ya bar zumunci. Wassalam.